Masu jiki a filin rawa: daga Habana zuwa gidajen bikinmu

A ƙasar Kuba, rawar balet sana'a ce ta masu siririn jiki. Tun shekarar 1948 da shahararriyar mai rawa Alicia Alonso ta kafa ƙungiyar da ta zama ta ƙasa, yarinyar da ke son shiga wannan fage sai ta tsare bakinta daga abinci, don kuwa akan dubi ƙugunta kafin a dubi gwanintarta. A cikin irin wannan gari ne wani mai rawa, Juan Miguel Mas, wanda shi kansa mai jiki ne, ya kafa ƙungiyar Danza Voluminosa a birnin Habana a 1996, ya tara masu ƙiba, galibinsu mata, ya fito da su gaban jama'a.

Da farko dariya aka yi musu. Amma Mas bai tilasta wa mutanensa kwaikwayon tsalle-tsallen sirara ba, abin da zai lahanta gwiwa da idon sawu. Sai ya gina rawar a kan abin da jiki mai nauyi ya iya: motsi a natse, juyin hannuwa da kafaɗu, da wasa kusa da ƙasa. Har suka kai ga sanya ɗan guntun siket ɗin balet suka yi nasu salon wasan nan na tafkin agwagin ruwa. Sannu a hankali masu zuwa don ba'a suka koma tafi.

Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram zai ce: to, mene ne abin mamaki a nan? Gaskiyarsa. A wajenmu, in kalangu ko ƙwarya ta ɗauki zafi a gidan biki, hajiyar da ta cika zane ita ake buɗe wa fili, ita maroƙa ke wasawa, a goshinta ake liƙa kuɗi. Ƙiba shaida ce ta cewa maigida yana riƙo da kyau. Zabarmawa ma suna da al'adar Hangandi, inda mata ke gasar cika jiki. A Kodebuwa akwai gasar Awulaba ta mata masu ƙira, kuma wajen 2007 rawar Bobaraba ta mamaye Abijan.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Kunyar da mai ƙiba ke ji a Habana, ita ce siririya ke ji a nan. Amaryar da ta shekara a ɗaki ba ta yi kumari ba, dangin miji na gunaguni, kishiya na habaici, ita kuwa ranar biki sai ta maƙale a bayan taro ta ƙi shiga fili. Daga nan sai wajen masu tallar magani a bakin kasuwa, waɗanda ke sayar da ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba. A ganina, namijin da ke yi wa matarsa gorin rama yana da hannu a wannan ciniki, ko da bai taɓa sayen ƙwaya ɗaya ba.

Biyu daga cikin ƙwayoyin sun fi yawo. Siproheptadin maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana buɗe ciki yana kuma sa barci. Dekzametazon kuwa ya fi haɗari: yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da bayan wuya alhali hannuwa da ƙafafu na ramewa, ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi, har ma ƙashin ƙugu, wanda da shi ake rawar. Wadda ta daɗe tana shan sa kada ta bari dare ɗaya, domin jikinta ya rage ƙera nasa sinadarin. Likita ne zai rage mata shi kaɗan-kaɗan har ta rabu da shi.