Mu ɗinka wa yaranmu gajeren wando don bazara

Jama'ar Madarumfa, bazara ba ta wasa a jihar Maraɗi. Daga watan Maris zuwa Mayu rana tana da ƙarfi. A watan Afirilu zafi yakan wuce digiri 40. A wannan lokaci ne hatsi yake raguwa a rumbu, kuɗi su yi wuya, ga sayen iri yana jiran manomi. Yara kuwa suna bukatar tufa. Wasu iyaye sukan bar ƙanana tsirara, su zauna cikin ƙasa mai zafi da ƙazanta. Wasu kuma su saya musu wandon gwanjo na leda. Akwai hanyar da ta fi. Kowane gida yana iya ɗinka gajeren wando da hannu, ba sai da keken ɗinki ba.

Me ya sa auduga ta fi?

Yadin auduga yana shan zufa. Iska tana ratsa shi, zufar ta bushe, jiki ya yi sanyi. Yadin leda ba ya shan zufa. Sai ta kwanta a matsematsin yaro, ƙurajen zafi su fito. Yaro ya sosa da farce mai datti, ƙurji ya zama miki, a kama hanyar likita.

Ga yadda ake gane auduga. Ku zare ɗan zare daga bakin yadi, ku kusantar da shi ga wuta. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Leda narkewa take yi, ta dunƙule, ta yi tauri.

Ba dole sai sabon yadi ba. Tsohon zanen uwar gida ya isa. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato zane 3. Zane guda yana iya ba da wandon yaro 3, in an kauce wa inda ya ci. In sabon yadi ne, ku wanke shi, ku shanya tukuna, gama auduga tana tsukewa a wankin farko.

Kayan aiki

Allura, zare mai ƙarfi, almakashi, alli ko gawayi, takardar buhun siminti, zariya, da abin awo irin na tela.

A kula da abin awo. Fuska biyu gare shi. Ɗaya santimetir ce, ɗaya inci. Inci guda ya kai santimetir 2 da rabi. Mu da muke kusa da iyaka mun saba da awo iri biyu. A Jibiya da Katsina da yadi ake ciniki, yadi kuwa santimetir 91 ne. Metir shi ne santimetir 100. Ku kama fuska guda daga farko har ƙarshe. Wanda ya gauraya su zai ɓata yadi.

Awo da lissafi

A nan ne karatun yaƙi da jahilci zai yi muku rana. Ku auna wuri biyu, ku rubuta, kada ku dogara da ƙwaƙwalwa.

Na ɗaya, kewayen ɗuwawu, inda ya fi faɗi. A ce kun sami santimetir 62. Ku ƙara 10 don wando ya yi sakwa-sakwa, iska ta shiga. Ya zama 72. Ku raba gida 4. Kun sami 18.

Na biyu, tsawo daga ƙugu zuwa gwiwa. A ce 35 ne. Ku ƙara 4 a sama don ƙubaka, inda zariya za ta bi. Ku ƙara 3 a ƙasa don kalmasa. Ya zama 42.

Ga yaro mai wannan awo, rabin metir na atamfa ya isa.

Yanka

1. Ku ɗauko tsohon wandon da ya yi wa yaron daidai. Ku ninka shi biyu, ƙafa bisa ƙafa, bayansa a waje. Ku jawo hantsar ta fito kamar ƙaho. Baya ya fi gaba bukatar wuri, saboda zama.

2. Ku shimfiɗa shi bisa takarda, ku zana da gawayi. Ku gwada da lissafinku. Faɗin sama kada ya kasa 18. Wajen hantsa ya ɗara haka da kamar santimetir 6. Tsawo ya kai 42.

3. Ku ƙara santimetir 1 da rabi a wajen lanƙwasa da cikin cinya. Nan ne ɗinki zai bi. Sannan ku yanke takardar.

4. Ku ninka yadi biyu, ninkin ya bi tsawon yadin. Ku ɗora miƙaƙƙen gefen takarda daidai bisa ninkin. Ku zana, ku yanka, amma kada almakashi ya taɓa ninkin. In kun buɗe, ƙafa guda ke nan. Ku sake yanka wata irinta.

Ku adana takardar. Za ta yi wa ƙanensa amfani.

Ɗinki

1. Ku haɗa ƙyallen biyu fuska da fuska. Ku ɗinke lanƙwasar dama daga sama zuwa bakin hantsa. Ku yi haka ga ta hagu. Ɗaya ce gaba, ɗaya baya.

2. Ku kama wandon, ku juya shi har ɗinkin gaba ya hau bisa na baya a tsakiya. Yanzu ƙafafu biyu sun bayyana. Ku ɗinke cikin cinya, daga bakin wannan ƙafa, ta hantsa, zuwa bakin waccan.

3. Kowane sukan allura ya ɗan koma baya kafin ya ci gaba. Irin wannan ɗinki ba ya warwarewa da sauri. Hantsa kuwa a bi ta sau biyu. Nan ne wando yake fara yagewa in yaro ya hau jaki ko ya tsuguna.

4. Ku bi bakin yanka da zare ta ciki, don kada ya zare a wanki.

5. Ku kalmashe sama, santimetir 1, ku sake kalmashe 3, ku ɗinke. Ku bar ƴar ƙofa a gaba. Ku ɗaura zariya ga tsinke, ku zura ta. Zariya ta fi roba daɗewa, ba ta kuma matse cikin yaro bayan ya ci tuwo.

6. Ku kalmashe bakin ƙafafu sau biyu, ku ɗinke. Ku juya wando. Aiki ya ƙare.

Manya fa?

Hanyar duk ɗaya ce, awo ne ya bambanta. Masunta a tafkin Madarumfa da masu noman rani a Jiratawa suna bukatar wandon da ba ya jan ruwa da taɓo. Su nemi kaki ko wani yadin auduga mai kauri. Sai dai tsawon ya rufe gwiwa. Malamai sun karantar da mu cewa al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa take.

Ɗinki ba aikin mata kaɗai ba ne. Tun zamanin kakanni maza ne suke ɗinka riguna da huluna a ƙasar Hausa. Mai gida da uwar gida kowa yana iya ɗaukar allura. Wando na farko ba zai yi kyau kamar na tela ba, na biyu zai fi shi. Ku yi wa kowane yaro guda 2, in an wanke ɗaya ya sa ɗaya. Kuɗin da ba ku kashe ba, ku ajiye don iri.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa, su auna tare. Allah ya kai mu damina lafiya.