Gina Shafukan Intanet Ba Tare Da Malami Ba: Horon Kai Ne Jarin Farko

LEGAS — A unguwar Yaba ta birnin Legas, wadda ta zama matattarar kamfanonin fasahar zamani tun bayan kafa cibiyar CcHub a shekarar 2010, abin da galibi ake fara tambayar mai neman aikin gina shafin intanet shi ne ya nuna ayyukan da ya taɓa yi da hannunsa. Batun takardar shaidar jami'a kan biyo baya. Wannan hali ya buɗe wa matasan Nijeriya masu yawa ƙofar shiga sana'ar ta hanyar koya wa kansu, sai dai kuma ya ɗora musu nauyin da a makaranta malamai da jarrabawa ne ke ɗauke da shi, wato tilasta wa kai zama a yi karatu kullum.

Sana'ar ta samo wannan sauƙin shiga ne tun daga tushenta. A shekarar 1989 ne Baturen Ingila Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, kuma a ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar ta sallama wa duniya fasahar kyauta. Har yanzu duk mai kwamfuta yana iya buɗe cikin shafin da yake karantawa, ya ga rubutun da aka gina shi da shi, ya kwaikwaya.

Abubuwa uku ne tushen aikin. Na farko shi ne HTML, wanda ke tsara ƙashin shafi: kanun magana, sakin layi, hotuna da mahaɗai. Na biyu shi ne CSS, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa ta farko a 1996, mai kula da launi, girman rubutu da yadda shafi zai zauna daidai a fuskar waya ko ta kwamfuta. Na uku shi ne JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, wanda ke sa shafi ya amsa idan an taɓa shi. Bayan waɗannan ne ɗalibi ke shiga ɓangaren da mai ziyara ba ya gani, inda ake adana sunayen abokan ciniki da lissafin kuɗi, tare da koyon Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don ajiye tarihin kowane gyara da aka yi wa aiki.

Darussan duk waɗannan suna nan kyauta. Quincy Larson, wani malamin makaranta a Amurka wanda shi ma da girmansa ya koyi sana'ar, ya kafa freeCodeCamp a 2014. Akwai kuma The Odin Project, da darasin CS50 na Jami'ar Harvard, da kundin bayanai na MDN wanda Mozilla ta assasa.

Dalilan da ke jan matasan ƙasar nan zuwa wannan fage na tattalin arziki ne. A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda aka kafa a 2015, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura Dala miliyan 200. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya zaunar da ɗalibai a gida har wata 8. Bayan sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yunin 2023 kuwa, Dalar da ake sayarwa wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, lamarin da ya ƙara wa aikin da ake biya da kuɗin waje daraja. A 2023 ɗin ne kuma Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha.

Amma fa masu farawa suna da yawa, masu kammalawa kaɗan ne. Wani nazari da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa a mujallar Science a 2019, a kan darussan intanet na jami'o'in Harvard da MIT, ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshe. Darasin da aka samu kyauta, barinsa ma kyauta ne.

Kwatanta wannan da tsarin koyon sana'a na gargajiya zai fito da matsalar fili. Yaron da aka kai kasuwar Ladipo ko ta Alaba ya koyi ciniki yana da maigida wanda ke sa masa lokacin buɗe shago, ya tsawata masa idan ya makara, ya kuma sallame shi da jari bayan wasu shekaru. Mai koya wa kansa gina shafi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ne yaron, shi ne maigidan, kuma na'urar da yake karatu da ita ita ce ɗauke da finafinai, wasannin ƙwallo da hirar abokai.

Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka gudanar a University College ta birnin Landan, wanda aka buga a 2010, ya ba da haske kan tsawon lokacin da ɗabi'a ke ɗauka kafin ta zama jiki. Daga cikin mutum 96 da suka shiga binciken, an sami matsakaicin kwana 66, ko da yake lissafin ya kama daga kwana 18 har zuwa 254. Binciken ya kuma gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Ma'anar wannan ga ɗalibi ita ce watanni biyu na farko su ne mafi wuya, kuma wanda ya yi fashin yini guda ba shi da hujjar jingine karatun baki ɗaya.

A kan irin wannan fahimta ne Alexander Kallaway ya ɓullo da shirin kwana 100 a 2016, inda mutum ke ɗaukar alkawarin yin aƙalla awa 1 yana rubuta umarnin kwamfuta kowace rana, yana kuma sanar da jama'a inda ya kai. Sanarwar ce ke maye gurbin idon maigida. Wasu kuma na amfani da dabarar Francesco Cirillo ta ƙarshen shekarun 1980, ta yin aiki na minti 25 ba tare da taɓa waya ba, sannan a ɗan huta. Awa ɗaya a kullum ta fi awa bakwai a ranar Asabar albarka, domin abin da aka bari mako guda sai an sake tuno shi kafin a ɗora. Yau da gobe, in ji Hausawa, shi ke sa allura ginin rijiya.

Tarko mafi girma shi ne yawan kallon darussan bidiyo. Mai kallo yakan ji kamar ya iya, alhali hannun malami ne ke aikin, tamkar wanda ya shekara a shagon tela yana kallo bai taɓa taka keken ɗinki ba. Maganin wannan shi ne rufe darasin a gina wani abu na kai, komai ƙanƙantarsa: shafin jerin farashin kayan shago, ko takardar rajistar ɗaliban wata makaranta. A nan ne kurakurai ke fitowa, kuma sa'o'in da ake ɓatawa ana neman waƙafi ɗaya da ya hana shafi buɗewa su ne ainihin karatun. Tarko na biyu shi ne tsalle daga wannan harshe zuwa wancan duk lokacin da aka ji wani sabo ya fito, har shekara ta ƙare ba a ƙware a ko ɗaya ba.

A Nijeriya, horon kai ya haɗa har da lissafin wuta da na kuɗin intanet. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya tsadantar da tayar da janareta, sannan a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Saboda haka ɗalibi mai tsari kan sauke darussan rubutu ya ajiye lokacin da layi ke da kyau, ya cika batirin kwamfutarsa da zarar an kawo wuta. Abin da ke taimaka masa shi ne HTML, CSS da JavaScript duk ana iya gwada su a kwamfuta ba tare da intanet ba, kuma tsohuwar kwamfutar hannu daga kasuwar Computer Village ta Ikeja ta isa a fara.

Ita ma kasuwar aikin ba ta jiran mai rabin sani. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da sababbin hannu, ya sallami kimanin ƙananan ma'aikata 400 a Nijeriya, Kenya da Uganda a watan Satumban 2019, bisa dalilin cewa abokan cinikinsa sun fi buƙatar ƙwararru. Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 kuma, na'ura na iya rubuta ƙaramin shafi cikin daƙiƙoƙi. Wanda ya dogara da ita tun kafin ya fahimci tushe ba zai gane inda ta yi kuskure ba, balle ya gyara.

Duk da haka akwai aiki a cikin gida. Makarantu masu zaman kansu, asibitoci, otal-otal da 'yan kasuwa na buƙatar shafin da za a same su a kai, a kuma biya su kuɗi ta cikinsa, kuma da yawan irin waɗannan shafuka ana gina su ne da WordPress, wadda ta fito a 2003. A wannan mataki halin da ɗalibi ya koya a ɗakinsa ne ke zama abin sayarwa, domin abokin ciniki ba ya karanta rubutun da ke bayan shafi. Abin da yake lura da shi shi ne ko an miƙa masa aiki a ranar da aka yi alkawari, kuma ko za a ɗauki wayarsa ranar da shafin ya tsaya.