Ɗan Masanin Kano: yadda sulhu, raya ƙasa da wasan gargajiya suka haɗu a mutum ɗaya

'Yan uwa mazauna Kudu, da yawanmu mun san Alhaji Yusuf Maitama Sule da iya magana kawai. Amma rayuwarsa ta haɗa abu uku da muke ganin kamar ba sa zama inuwa ɗaya: sulhu tsakanin al'ummai, aikin raya ƙasa, da wasanni na gargajiya.

An haife shi a Kano a 1929. Malamin makaranta ne kafin ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, kuma tun lokacin an san shi da wasan kwaikwayo, har akwai ƙungiyar wasa a Kano da ta ɗauki sunansa. Daga 1959 zuwa 1966 shi ne Ministan Ma'adinai da Lantarki, daidai lokacin da man fetur ya fara kawo kuɗi. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako. A 1976 aka ba shi shugabancin hukumar sauraron koke-koken jama'a ta ƙasa. A 1981 Shehu Shagari ya tura shi Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Ya rasu a Alƙahira a Yulin 2017.

To, ina haɗin wasa da wannan duka? Mai wasan kwaikwayo dole ya shiga rigar wani, ya ji abin da yake ji. Mai rawa kuwa sai ya saurari ganga kafin ya ɗaga ƙafa. Aikin mai sulhu ke nan: ka saurara, ka gane tsoron abokin zama, sannan ka yi magana. In babu sulhu kuma, ba kasuwa, ba makaranta.

Mun ga misali a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 da Mile 12 ta Legas a Maris 2016: an rasa rayuka, shaguna sun ƙone, ciniki ya tsaya. Mu ma nan Kwandere da kewayen Lafiya mun san abin da rikicin manoma da makiyaya ke jawowa. Ranar da hanya ta rufe, mai shanu da mai doya duk asara suke yi.

Shi ya sa ranar Sallah ko naɗin Sarkin Hausawa bai kamata ta zama tamu mu kaɗai ba. A gayyato masu gari, su ga Koroso da kalangu, mu ma mu je nasu bikin in bai saɓa wa addini ba. Wanda kuka zauna a rumfa ɗaya da shi, shi ne zai ɗaga wayarka ranar da jita-jita ta tashi.

Allah Ya jiƙan Ɗan Masani, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.