Kan Ungulu Ba Ya Kawo Arziki

Ranar kasuwar wani ƙauye da na je kwanan baya, na tsaya gaban shimfiɗar wani mai magani, na ga busassun kawunan ungulu jere tsakanin ƙahon gada da fatar damo. Ban gama kallo ba sai ga wani saurayi yana yi masa raɗa, wai akwai wani Alhaji da ke neman ƙwan ungulu, ko nawa ne zai biya. Wallahi na gaji da jin labarin Alhajin nan. Kowane gari da nasa, ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido, amma saboda shi samari ke hawa kuka da rimi suna wargaza sheƙa.

Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda kwata take a da. Ungulaye ne cike a kan katanga, mahauta na fiɗa suna kora. Yau yaro zai gama sakandare bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Sare manyan itatuwa da wayoyin lantarki sun taimaka, amma a yankinmu babban makashinta shi ne camfi.

Cewa ake kanta na buɗe ido a ga gaibu, yana kawo sa'ar kasuwa, da cin zaɓe, da cin caca, yana kuma warkar da hauka da farfaɗiya. To, mu tsaya mu yi tunani mana. Ganin tana hango mushe daga nesa ne ya sa aka ɗauka tana da wani sirri. Ba wani sirri. Allah ya ba ta kaifin ido, kuma idan tana jewa a sama tana lura da 'yan'uwanta, da ɗaya ta sauka sai sauran su bi. Shi ke nan. In da tana ganin gaibu, yaya aka yi ba ta ga gubar da aka barbaɗa mata a kan nama ba? In da a kanta magani yake, da ta fara da sanƙonta. Shi kansa mai sayarwar, shekara nawa yana zaune a tabarma cikin rana da kawunan arziki a gabansa?

Sannan ka san yadda ake samo kan? Galibi maganin ƙwari ake zuba wa mushe, garke guda ya ci ya zube. A Gini Bisau, cikin 2020, ungulu sama da 2,000 aka hallaka ta haka, da yawa an tsinto su babu kai. Wanda ya daka wannan ya ba mara lafiya, guba ya ɗura masa da kuɗinsa. Mai taɓin hankali da mai farfaɗiya suna da inda ake duba su, ga Dawanau a Kano, ga Barnawa a Kaduna, ga Kware a Sakkwato. Jinkirin da ake yi ana turara musu gashin tsuntsu shi ke ƙara dagula ciwon. Ban ma shiga batun imani ba, don ba musulmin da bai ji abin da malamai ke faɗa kan zuwa wurin boka ba.

Amfanin ungulu na gaskiya yana cikin cikinta, kuma sai tana raye. Ruwan cikinta na da ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cututtuka masu haɗari da ke cikin mushe, ta share wuri kafin ƙudaje da karnuka su yaɗa. Indiya ta ɗanɗana rashinta. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushensu, har fiye da kashi 95 cikin 100 suka mutu. Karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓace. An hana ba dabbobi maganin a 2006, amma wani bincike da ya fito a 2024 ya ƙiyasta mutum kusan 500,000 ne suka rasu a dalilin haka tsakanin 2000 da 2005. Ga shi kuma ungulu ƙwai ɗaya tal take yi a shekara, wanda ya ɗauke shi ya share zuriyar shekara guda.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Kada ka saya, don mai saye ne ke aika maharbi daji. Sarakunan pawa su hana a taɓa 'yan tsirarun da suka rage a kwata, masu unguwanni su hana sare itacen da ke da sheƙa. Makiyayin da kura ko kare ya yi wa ɓarna ya daina sa guba a mushe. Uba ya karɓe danƙon hannun ɗansa, ya zauna da shi da sassafe su ƙirga tsuntsayen unguwa: balbela, hasbiya, carki, shamuwa in damina ta ƙarato. Kada a raina wannan, aiki ne da masana ke nema. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana tattara bayanan tsuntsayen Nijeriya, kuma matasa 'yan sa-kai ne ke aika mata abin da suka gani ta wayar hannu, har da ayarin 'yan Arewa. Ba sai kana da madubin hangen nesa ba.

Mai hali ya shirya tafiya da iyali lokacin hunturu zuwa fadamar Haɗeja da Nguru, ya leƙa Dagona a jihar Yobe, ya ga agwagin ruwan da ke ƙetaro Sahara daga Turai. Mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin ma ya zo wurin a 1989, mu da ke maƙwabtaka ko labari ba mu da shi. Kuɗin da za ka ba ɗan jagora da mai kwalekwale shi zai nuna wa mutanen wurin cewa tsuntsu mai rai na kawo abinci. Gidauniyar kare muhalli ta NCF, wadda aka kafa a 1980, ta daɗe tana aiki a fadamar, tana zama da masu maganin gargajiya kan su koma ga itatuwa su bar ungulu, kuma tana karɓar gudummawa komai ƙanƙantarta.

Kai kuma ɗan'uwa da aka yi wa alkawarin miliyoyi, sauko daga itacen nan tun ba ka karye ba. Ka ce Alhajin ya zo ya hau da kansa.