Hazo ko Hayaƙi? Shaidar Tauraron Ɗan Adam

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. A garinmu Kwadon, wanda ke kan hanyar Gombe zuwa Dadin Kowa, da zarar hunturu ya kama sai sama ta yi dishi-dishi, tari da mura su addabi yara da tsofaffi. Kakata mai fama da ciwon asma takan ce hazo ne, sai haƙuri. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na duba hotunan tauraron ɗan adam, na gano ashe abu biyu muke haɗawa da suna guda.

Na farko shi ne hazo, wato ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara. Babbar mahaifarta ita ce kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Iska kan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta tayar da ita. A hoto, hazo kan fito fari-fari, shimfiɗe kamar mayafi a kan ƙasashe da dama.

Na biyu kuwa hayaƙin ƙunar daji ne da na ƙona karan gona. Shi kan fito siriri, ruwan toka, kuma yana da tushe. Taurarin Terra da Aqua, waɗanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 1999 da 2002, na ɗauke da na'urar MODIS mai gano zafin wuta. Inda ta hango wuta, sai a sa jan ɗigo a taswira. Sai dai ƙaramar wuta, ko wadda gajimare ya rufe, takan ɓace mata.

Amfanin wannan bambanci a fili yake. Hazo ba mu da ikon tsayar da shi, amma hukumar NiMet kan yi gargaɗi kafin ya iso, mai asma ya tanadi magani da takunkumi. Hayaƙi kuwa hannunmu ne ya kunna shi, hannunmu ne kuma zai hana shi.

Don haka, 'yan'uwana ɗaliban harshe, mu kira kowane da sunansa. Muddin muna ce wa hayaƙi hazo, to mun wanke mai ashana ke nan, mun ɗora wa iska laifi.