Gayya, aikin lada da "aikin sa kai": matsalar fassara kalmar bénévolat a ƙauyukan Hausa na Nijar

1. Inda matsalar take

Duk wanda ya taɓa yin tafinta tsakanin ma'aikatan furoje da mutanen ƙauye a jihar Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san wurin da harshe yake sarƙewa. Ma'aikaci ya ce bénévolat, ko volontariat, ko participation communautaire. Tafinta ya ɗan yi jim, ya ce "aikin gayya". In kuwa mai yawan sauraron rediyo ne, ya ce "aikin sa kai". Jama'a su amsa da "to", a yi addu'a, a watse. Bayan ƴan watanni sai a rubuta cikin rahoto cewa mutanen garin ba su da himma. A cikin wannan takarda muna so mu nuna cewa sau da yawa saɓanin ya faru tun ranar taron farko, domin abin da ma'aikacin ya faɗa da abin da jama'a suka ji ba ɗaya ba ne. Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kalmomin da tafinta yake zaɓa a gindin bishiya su ne gobe za a rubuta cikin takardun hukuma.

2. Gayya tana da mai ita

Mu fara da nahawu. Daga sunan gayya aka samu aikatau gayyata, wanda yake cikin aji na 2 a tsarin Parsons: ya gayyaci samari, ya gayyace su. Aikatau ne mai bukatar mutum a gaba da mutum a baya, wato mai kira da wanda aka kira. Sunan kansa ba ya son tsayawa shi kaɗai. A duba waɗannan jimloli:

(1) Gobe akwai gayya.
(2) Gayyar wa?
(3) Samari sun yi ma tsohuwa gayya.

Jimla ta (1) ba ta cika saƙo ba sai an amsa tambaya ta (2). A jimla ta (3) kuwa, harafin ma yana nuna wanda aikin ya amfana. Ke nan a tunanin mai jin Hausa gayya tana da mai ita, mutum sananne, mai gida da suna, wanda za a iya zuwa ƙofarsa wata rana.

Yadda ake yin ta a damina ya tabbatar da haka. Lokacin noman farko, in haki ya fi ƙarfin ƴan gandu, mai gona yakan aika goro ga sarkin samari, a sa rana. Shi ne zai tanadi fura da tuwo. Mai hali yakan yanka akuya, ya kira makaɗa. Samari su jeru da hauya, ganga tana tashi, kowa yana jin kirarinsa, babu mai son a bar shi baya a gaban ƴammata masu kawo ruwa. Kafin la'asar an gama gonar da za ta ci ma gida ɗaya kwanaki. In aka lissafa hatsi da nama da goro da abin da aka ba makaɗa, wani lokaci kuɗin ba su gaza na ƴan ƙwadago ba. Ribar mai gayya ita ce sauri, domin haki ba ya jiran kowa, sa'an nan suna, domin gari ya ga yawan waɗanda suka amsa kiransa. Saurayin da ya kai abokansa gonar surukai shi ma abin da yake nunawa ke nan. Ana yin irin wannan wajen ɗora jinka da ginin rumbu, mata kuma wajen daɓe da dakan biki.

Abin da ya fi muhimmanci yana zuwa ne bayan an tashi. Wanda aka yi ma gayya ya ɗauki nauyi, kuma aikatau da ake amfani da shi wajen sauke nauyin shi ne rama. A lura da sauran wuraren da rama yake shiga: ana rama azumi, ana rama salla, ana rama biki, ana rama mari. Duka abubuwa ne da suke kan mutum har sai ya biya. Guy Nicolas, a littafinsa na 1986 kan kyauta da kasuwanci a ƙasar Maraɗi, ya nuna yadda abin da ake kaiwa gidan biki yake da lissafi, mai karɓa yana riƙe da shi har ranar mayarwa. Gayya ita ma biki ce, sai dai da ƙarfin jiki ake yin ta. Wanda kuwa ya zo ba a kira shi ba, Hausa ta ba shi suna marar daɗi: ɗan gayyar soɗi. Abin lura ne ƙwarai cewa mutumin da Faransanci yake yabo da sunan volontaire, wato wanda ya kawo kansa, a fagen gayya abin ba'a ne.

Saboda haka in tafinta ya ce furoje yana neman "gayya" don haƙa ramukan tare ruwa, mai sauraro zai fahimci cewa furoje ne mai gayya. Zai jira abinci a ranar, zai kuma jira ramuwa daga baya. In bai ga ko ɗaya ba, a wurinsa mai gayya ne ya karya ƙa'ida.

3. Aikin lada

Akwai wani rukunin ayyuka da ba a jiran ramuwarsu daga mutum: ginin kabari, wankan gawa, yaɓen masallaci, nome gonar wanda ciwo ya kwantar. Nan ba a aika goro, jin labari ya isa kira. Su ne suka fi kusa da bénévolat, amma ko a nan Hausa ba ta ɗauki aikin a matsayin wanda ba a biya ba. Abin da ake ce ma mai yinsa shi ne "Allah ya ba da lada". Kalmar lada kuwa tana da fuska biyu: sakamakon Lahira, da kuma abin da ake ba wanda ya yi aiki, kamar yadda ta fito a karin maganar nan mai cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. An ɗaga ranar biya ne, an kuma san Mai biya. Mai fassara da ya nemi kalmar gratuit zai ga inda ya shiga: in ya ce kyauta, ya koma fagen biki, in ya ce a banza, ya zagi aikin, tunda aikin banza shi ne marar amfani.

4. Abin da hukuma ta bari cikin kalmar

Ƙauye ya san wani aikin taro na uku, wanda umarni yake kawowa. Noman gandun sarki ana kiransa gayya, ko da yake ƙin zuwa yana da wuya. Zamanin mulkin Faransa an kwashi mutane aikin hanyoyi da gine-gine da ɗaukar kaya, har dokar Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas. Bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki samariya, tsohuwar ƙungiyar samarin gari mai sarkinta da muƙamanta, ta mai da ita tsari na ƙasa baki ɗaya, ɗaya daga cikin ginshiƙai biyu na Société de développement tare da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma. Samariya ta gina azuzuwan lakwal na ƙasa, ta share gari, ta dasa itatuwa, kuma dattawa da dama suna tuna lokacin da alfahari. Amma kiran daga sama yake saukowa, ta hannun sufurefe da mai gari. Da tsarin ya shuɗe bayan babban taron ƙasa na 1991, abin da ya rage cikin kunnen mutane shi ne: in baƙo mai mota ya ce "gayya", a fara tambaya ko akwai zaɓi.

Sa'an nan ga wani darasi da fari ya kawo. Furojen Keita, a jihar Tawa, wanda ya fara a 1984, ya farfaɗo da ƙasa mai faɗi da hannun mutanen yankin, galibinsu mata, ana ba su abinci a kan kowace ranar aiki. A takarda sunansa participation. A Hausa kuwa aikin da ake auna ladansa da yini ƙwadago ne, kuma ba abin kunya ba ne. Wanda ya zo bayan haka da irin aikin, da irin motar, ya ce a yi ba ko tiya ɗaya, dole a yi zaton wani ya tare abincin a hanya.

5. Sa kai

"Aikin sa kai" ya fi yawa a bakin ƴan rediyo da ƴan boko. Gininsa ya dace da volontariat: aikatau sa da kai mai komawa ga mai aikin, babu mai kira, babu harafin ma. Wannan dacewar ce rauninsa a ƙauye, domin bai faɗi wa za a yi ma ba, bai faɗi wa zai saka ba. Bugu da ƙari, a garuruwan kan iyaka da Katsina da Zamfara, ƴan sa kai yanzu yana nufin masu ɗaukar makami don tsaron gari daga ƴan bindiga. Tafintan da ya tsaya a kasuwar Madarumfa yana neman "ƴan sa kai" don awon yara zai bukaci ƙarin bayani.

A gwada da Mata Masu Dubara, tsarin ajiya da bashi da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da yawa. Matan suna taruwa kowane mako, suna riƙe asusu, suna cin tarar mai makara, babu albashi. Bature zai iya kiran shugabarsu bénévole. Su ba su bukaci kalmar ba, domin an gina tsarin a kan adashi, inda kowace ta san abin da ta zuba da ranar da za ta kwasa.

Shawararmu ga masu fassara ita ce a bar neman kalma ɗaya. Kafin a buɗe baki a tambayi ma'aikacin abu uku: wa yake kira, wa zai amfana, wa zai saka da mene. In gari ne zai yi ma kansa, kamar yashe rijiya, a ce aikin gari, a bar mai gari ya yi kiran. In za a biya, ko da abinci ne, a ce ƙwadago. A ajiye gayya sai inda mai kira ya shirya ciyarwa.

Wurin da ya fi wuya shi ne na mutum ɗaya da aka ɗora ma hidima mai ɗorewa. Tun shekarun 1960 hukumar lafiya take horar da ungozoma da masu ba da agajin farko a ƙauyuka, a yau kuma ga waɗanda ake kira relais communautaires. Ungozoma ta dā tana da ladanta sananne: sabulu, hatsi, da rabonta na naman suna. Da aka horar da ita, aka ba ta akwatin kayan aiki, wasu iyalai suka ɗauka ta zama ma'aikaciyar gwamnati, suka rage abin da suke bayarwa; a takardar hukuma kuwa an rubuta bénévole. Ɗan abin da furoje yake miƙa ma irinta jifa-jifa, Faransanci yana kiransa motivation, a ƙauye ana ce mashi goro. Goro kuwa, kamar yadda muka gani a sashe na 2, kira ake yi da shi, abincin yana gaba.