Goro a Zangon Hausawa, Kava a Zauren Mutanen Tonga

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa kuma ya biyo magudanai ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure, manoman wannan yanki suka saba da girbin alkama da tumatir da albasa a tsakiyar rani. Amma duk da wannan ni'ima da Allah ya yi wa ƙasar, akwai ɗan itace guda wanda ba a ɗaura aure, ba a raɗa suna, ba a zuwa gaisuwar surukai sai da shi, alhali kuwa babu wanda ya taɓa tsinkarsa a gonar Kadawa, domin ba ya yi sai a inuwar kurmi inda ruwan sama ya wadata. Goro ke nan, wanda mai ban ruwa da dare kan ɓare don ya kori gyangyaɗi, dattijo kuma ya miƙa wa baƙonsa tun kafin a tambayi labarin gida.

Domin a fahimci matsayinsa, yana da kyau mu leƙa wata al'umma mai nisa ƙwarai. A tsakiyar tekun Fasifik akwai tsibiran Polinesiya, irin su Tonga da Samowa, da maƙwabtansu na Fiji, waɗanda ke da wani tsiro dangin masoro da ake kira kava. Saiwarsa ake busarwa a daka, a jiƙa garin da ruwan sanyi, a tace cikin wani babban akushi na itace, a riƙa ɗiba da ɓawon kwakwa ana miƙa wa mutanen da suka zauna a da'ira, kowa bisa darajarsa. Launinsa kamar na ruwan kogi da damina, yana kashe kaifin harshe, yana kuma saukar da jiki, saɓanin goro da ke wartsakar da mutum. Ba ina kwaɗaitar da kowa ga shansa ba ne. Zaman da ake yi dominsa shi ne abin lura. Har Sarkin Tonga, Tupou na Shida, sai da aka yi masa zaman kava na sarauta a bikin naɗinsa na 2015.

Da neman abinci ya kai mutanen Tonga biranen Okland a Niyuzilan, da Sidni a Ostareliya, da wasu garuruwan Amurka, sai suka kafa majalisun kava, inda mazaje kan haɗu da dare bayan an tashi daga aiki, su yi waƙoƙinsu, su yi magana da harshensu, su tara gudummawa don kuɗin makarantar yara ko jana'izar ɗan'uwa, sabon zuwa kuma ya ji inda ake ɗaukar ma'aikata. Yaron da aka haifa a baƙunci, a nan yake koyon yadda ake zama gaban manya.

To, abin mamaki game da namu sha'anin shi ne, su waɗancan daga gida suke ɗauko saiwarsu su kai ta ƙasar baƙunci, mu kuwa goro ne da kansa ya fitar da mu daga gida. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, Sarkin Nufe ya aika wa Amina ta Zazzau goro 10,000, kuma a zamanin Abdullahi Burja da ya gaje shi aka buɗe hanyar Gwanja. Daga nan fatake, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka riƙa ɗaure jakuna da kanwa da tufafi da jemammiyar fata, madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba, su ƙetare Kwara su ratsa Bargu, su yi watanni kafin su isa kasuwar Salaga, inda goron kurmin Asante yake jiransu. Duk inda ayari ya saba yada zango, sai a wayi gari wani ya yi aure ya zauna, wani malami ya buɗe makarantar allo, an kafa masallaci, an naɗa sarkin zango; da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai waɗannan mutane suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Akara. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da Sabo ta Shagamu, da zangon Agege, duk da cinikin goro da na shanu suka tsayu. Mutanen Kadawa ba baƙin wannan labari ba ne, gama Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ƙasar da Tiga take, da fataucin goro tsakanin Akara da Ikko da Kano ya fara tara dukiyarsa kafin ya shahara a gyaɗa, har ya rasu a 1955.

Wanda ya halarci ɗaurin aure a wani zango na Kumasi zai ga abin da ya saba gani a Kura ba tare da bambanci ba: wakilin ango ya ajiye ƙwarya, wato goro 100, an kwance ɗanyen ganyen da aka lulluɓe shi, an ware marsa don liman da waliyyi, an bar minu don rabon jama'a, an faɗi sadaki, an shafa Fatiha, sa'an nan wani dattijo ya sa farcen babban yatsa ya ɓare fari guda, ya duba ko sankara ta taɓa shi, ya miƙa wa na kusa da shi ɓari. Da yawa daga cikin waɗanda ke wannan zama ba su taɓa ganin Dala ba, wasu ma asalinsu Mosawa ne ko Zabarmawa. Amma da Hausa aka yi siga, da goro aka shaida, kuma a ganina wannan zama ya raya zumunci da harshe fiye da abin da wata ƙungiya mai rajista za ta iya.

Hukumomin ƙasashen baƙunci ba kullum suke duban waɗannan abubuwa da idon masu su ba. Jamus ta hana sayar da magungunan kava a 2002 saboda zargin cutar hanta, har sai da kotu ta soke hanin a 2014. Ostareliya kuma ta ƙayyade wa matafiyi kilo 2 na kava a 2007, ta mayar da shi kilo 4 a 2019. Mu ma hukumomin alhazai sukan ja kunnen maniyyata kada su sa goro cikin kaya, domin Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma wajibi ne a kiyaye, tun da ba goro ne ya kai mutum Makka ba.

Ku samarin Kadawa da ke bin motocin tumatir zuwa Ikko da Ibadan, idan kun sauke kwanduna kun karɓi kuɗinku, kada ku tsaya a tasha kurum. Ku sayi goro ko da biyar ne, ku nemi ƙofar Sarkin Hausawa, ku gai da dattawan da ke zaune a wurin, ku tambaye su garin da kakanninsu suka fito.